Darasi na Bakwai: Haƙƙin Mace Bayan Sakin da Bai Je Gaban Alƙali Ba

A ƙasar Magariya da Dungas galibin aure a zaure ko a ƙofar masallaci ake ɗaura shi, gaban liman da waliyyai da taron shaidu, a raba goro da dabino kowa ya ji. Amma ranar da zai mutu, sau da yawa daga miji sai matarsa a cikin ɗaki. Ya furta kalma cikin fushi, ko ya rubuta layi biyu a ƴar takarda ya ba yaro ya kai, ko ya aiko da saƙon murya ta salula daga inda yake ci-rani a Kano, ko Legas, ko Libiya. Mace ta tattara nata ya nata ta nufi gidan iyayenta, mutane su ce Allah ya sa haka shi ya fi alheri, magana ta ƙare. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan tun kaka da kakanni, wannan saki ya saku, ko alƙali ya ji ko bai ji ba, kuma wannan darasi ba ya jayayya da haka. Abin da zai nuna shi ne igiyar aure kaɗai kalmar saki take kwancewa, nauyin da ke wuyan miji yana nan. Shari'a ta bar wa matar da aka saka haƙƙoƙi sanannu, rubutattu a littattafan da malamanmu ke karantarwa kullum, kuma babban abin da ke cinye su, fiye da mugun hali, fiye ma da talauci, shi ne sakin da aka yi babu shaida, babu rana, babu rubutu.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin matsayin waɗannan haƙƙoƙi a dokar ƙasa, domin da yawa suna zaton abin da ke littafin malam daban, abin da ke jastis daban. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda da ya hau kan kowa. Tun dokar 16 ga Maris 1962 da ta tsara kotuna aka ce a sha'anin aure, saki, nasaba da gado alƙali zai yi hukunci da al'adar masu shari'a. Dokar 22 ga Yuli 2004 ta maimaita haka, da sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su, sannan dokar 1 ga Yuni 2018 ta bi wannan sawu. Shi ya sa alƙali ba ya zama shi kaɗai a irin wannan shari'a: akwai masana al'ada a gefensa, galibi malamai, masu faɗa masa abin da al'adar mutanen ta tanada. Ga Bahaushen wannan yanki kuwa, al'adar aure ta daɗe da cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, don haka matar da ta kafa hujja da fiƙihu ba baƙon abu ta kawo wa kotu ba. Sarakuna da masu gari su ma doka ta ba su ikon sulhu tsakanin mutanensu, da rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Haka yake a dokar sarauta ta 1993 da wadda ta gaje ta a 2015. A ƙidayar 2012 Magariya na da mutum fiye da dubu 570, Dungas kuma, wadda aka cire daga Magariya a 2011, fiye da dubu 350. Mafi yawansu mutanen karkara ne, kuma zauren mai gari da na liman sun fi musu kusa da kowace kotu.

Idda ita ce haƙƙin da aka fi takawa, har an daina ganin takawar laifi ce. Matar da aka saka bayan tarewa tana yin iddar tsarki uku idan mai ganin al'ada ce, wata uku idan ba ta gani, mai ciki kuwa sai ta haihu. Mai goyon da jini ya ɗauke mata saboda shayarwa ba da wata uku take lissafi ba. Tsarkinta za ta jira, ko da abin ya ja lokaci. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita da kanta, aya ta shida ta umarci miji ya zaunar da ita inda yake zaune gwargwadon halinsa. Idan saki ɗaya ne ko biyu, wanda ake iya kome a cikinsa, to har ta gama idda matarsa ce a hukunci: ci da sha da sutura da makwanci duk suna kansa, kuma idan ɗayansu ya rasu a cikin iddar ɗayan zai gaje shi. Wannan yana cikin Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan kowane almajirin ilimi ya ratsa, yana kuma cikin Muhtasar na Halil. To a dubi abin da muke yi. Ana sakin mace da hantsi, kafin la'asar tana bisa amalanke da kwanukanta. Uwa ta aiko a ɗauko ta don kada a ce ƴarta ba ta da zuciya. Miji ya ji daɗi an rage masa baki ɗaya a rumbu. Ubanta, wanda hatsinsa da ƙyar zai kai shi bazara, ya ɗauki ciyarwar da ba tasa ba. Kowa yana ganin ya kare mutuncinsa, alhali an taru ne an saɓa wa aya. An kuma toshe ƙofar sulhu mafi sauƙi, domin matar da ke ɗakinta kalma ɗaya ta isa a mayar da ita, wadda aka ratsa gari da kayanta kuwa sai biko, sai dattawa, sai an sha fama da girman kan gida biyu.

Idan saki na uku ne, ko hul'i, wato fansar kai da mace ke yi, babu kome, kuma Malikiyya ba ta wajabta ciyar da ita. Amma makwanci har ƙarshen idda yana kan miji. Idan tana da ciki ciyarwa ta dawo kansa har ta haihu, ko da saki nawa ne. Bayan haihuwa, matar da ta riga ta fita daga igiyarsa tana da ikon neman ladan shayar da ɗansa. Akwai wani hukunci da ya kamata dattawa su riƙe: wanda ya saki matarsa yana cikin ciwon ajali, Malikiyya ta ce za ta gaje shi ko da iddarta ta cika, har ma ko ta yi wani aure. Asalinsa hukuncin Halifa Usman ne a kan matar Abdurrahman bn Auf, kuma dalilinsa a fili yake, kada saki ya zama hanyar hana gado.

Dukiya kuwa, ta mace tata ce tun ranar ɗaurin aure, shari'a ba ta taɓa haɗa ta da ta miji ba. Sadaki bayan tarewa nata ne gaba ɗaya, kuma idan da saura a kan miji bashi ne da saki ba ya yafewa. Idan an sake ta kafin tarewa rabin abin da aka ambata nata ne. Mijin da ya saki don ra'ayin kansa ba shi da bakin cewa a biya shi kuɗinsa. Mayar da sadaki na hul'i ne, inda mace ce ta nemi fansar kanta, kuma ko a nan malaman Malikiyya sun toshe wata kafa da maza ke bi: wanda ya ƙuntata wa matarsa da duka ko yunwa har ta gaji ta fanshi kanta, idan cutarwar ta tabbata, sakin ya tsaya amma sai ya mayar mata da abin da ya karɓa. Idan an yi gardama a kan kayan gida, abin da aka saba na mata ne ana bar wa mace da rantsuwarta, wanda aka saba na maza ne a bar wa namiji. Gado, katifa, kwanuka, akuyar da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli da ƴaƴan da akuyar ta haifa, duk tare da ita suke tafiya. Inda abin ya fi ciwo shi ne gamana, ƴar gonar da mace ke nomawa don kanta. Ƙasar ta miji ce, aro ya ba ta, amma matar da aka saka a tsakiyar damina ta bar gyaɗa ko riɗin da ta shuka da irinta ta nome da hannunta, kuma ba kasafai ake kiranta ranar girbi ba. Marthe Diarra da Marie Monimart, a binciken da suka wallafa a 2006 kan mata da ƙasar noma a kudancin Nijar, sun nuna yadda ƙarancin gona ke fara cin gamanar mata kafin ta kowa. Wadda ta gaji gona ko ta saya da kuɗinta, hukumomin ƙasar noma da dokar karkara ta 1993 ta kafa suna ba da takardar shaida, kuma gara ta nema da sunanta tun ana zaman lafiya.

Sai maganar ƴaƴa, inda al'ada da fiƙihu suka fi yin hannun riga. Abin da ake faɗa a gari shi ne ɗa na uba ne: da an yaye shi, ko da ya kai shekara bakwai, a zo a ɗauke. Gaskiya ne nasaba ta uba ce, shi ne waliyyi, shi ke da alhakin karatu da tarbiyya, kuma ciyarwa a kansa take duk inda yaron yake kwana, namiji har ya balaga ya iya neman na kansa, mace har ta tare a gidan miji. Amma riƙo daban ne da walicci. A Malikiyya riƙo na uwa ne, ɗa namiji har ya balaga, ƴa mace har a ɗaura mata aure ta tare, kuma a cikin mazhabobi huɗu babu wadda ta tsawaita riƙon uwa kamar tamu. Idan uwar ta yi wani aure da bare ta tare, riƙo ya faɗi daga hannunta, sai dai ba hannun uba yake faɗawa kai tsaye ba: kaka ta wajen uwa ce ke biye, sannan ƴar'uwar uwa, kuma uba yana can baya a jeri, bayan mahaifiyarsa ma. Akwai sharuɗɗa, ba a ce ko wace uwa ko ta yaya ba. Mai riƙo sai ta kasance mai hankali, mai amana, mai iya kulawa, a wurin da babu tsoro ga yaron, kuma idan waliyyi zai ƙaura zuwa gari mai nisa da niyyar zama yana da ikon tafiya da ɗansa. Amma asalin hukunci ke nan, kuma duk wanda ya ga yaron da aka raba da uwarsa yana shekara biyu aka miƙa wa kishiyarta, ko wata tsohuwar da kanta ma sai an kula da ita, ya san abin da malaman suka hango. Abin takaici, da yawa daga masu cewa ɗa na uba ne, ranar da aka bar yaron wurin uwarsa sai su manta ciyarwa ma ta uba ce.

Idan mai karatu ya sake bin waɗannan haƙƙoƙi zai ga kowannensu a rataye yake da wata tambaya da sai an iya amsa ta. Ciyarwar idda da gado suna rataye da rana: yaushe aka yi sakin? Kome yana rataye da adadi: na nawa ne? Mayar da sadaki yana rataye da wanda ya nema: shi ya saka, ko ita ta fanshi kanta? Akwai ma tambayar da ta riga waɗannan, ko an yi sakin ko ba a yi ba, domin mijin da ya ce "je ki gidanku" zai iya cewa gobe shi bai nufi saki ba, yaji ta yi, kuma a irin wannan lafazi niyyarsa ake tambaya. Idan babu wanda ya ji sai su biyu, amsa tana bakin mai ƙarfi. Ga yadda abin ke kasancewa. Mutum ya yi saki ta salula daga ci-rani, mace ta ƙirga iddarta, ta yi zawarci, manemi ya fito. Ana shirin ɗaurin aure sai tsohon miji ya dawo ya ce shi ya mayar da ita tun tana idda. Ko ya rasu a can, danginsa su ce ai ya daɗe da sakinta, ba ta da tumunin gado. A yankin da aure ke tsallaka iyaka kullum, tsakanin Magariya da Ɓaɓura ko tsakanin Dungas da Maigatari, mutum na iya komawa wancan gefe ya bar mace ba ita ga aure ba, ba ita ga zawarci ba. Malaman fiƙihu sun san da wannan, shi ya sa hukunce-hukuncensu ke komawa ga shaida. Wanda ya zo bayan idda ta cika ya ce ya yi kome a cikinta ba a karɓar maganarsa sai da hujja. Matar da ta ƙi yarda da mijin da ya mayar da ita har sai ya kafa shaidu, Halil ya ce ta yi daidai. Wadda mijinta ya yi tafiya ya ce yana aiko mata da abinci ita kuma ta musa, maganarta ake kamawa tun daga ranar da ta kai kuka ga hukuma. Wato matar da ta yi shiru ta bar wa Allah ta rasa hujjar da shari'a da kanta ta miƙa mata.

Maganin ba sabon abu ba ne, domin takardar saki tsohuwa ce a ƙasar Hausa, mata ma da kansu kan ce "ba ni takardata". Aibinta gajarta: suna, da "na sake ki saki ɗaya", shi ke nan. Takardar da za ta yi amfani ita ce mai ɗauke da ranar saki, da adadinsa, da ko saki ne ko hul'i, da ko akwai ciki, da inda za a yi idda, da sauran sadaki idan akwai, da kayan da dabbobin da suke nata, da wanda zai riƙe yara da abin da uba zai riƙa bayarwa, tiya nawa ta hatsi ko jika nawa a wata, sannan shaidu biyu su sa hannu gaban liman ko mai gari. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Daga nan a kai wa alƙali. Shi ba sake sakin zai yi ba, tabbatar da shi zai yi ya ba da takardar shaida, kuma a gabansa ake iya tayar da maganar riƙo da ciyarwa idan sulhu ya ƙi. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta lissafa mutuwar aure cikin abubuwan da ake rubutawa, kamar haihuwa da aure da rasuwa.

Wani zai ce wannan hanyar Turawa ce, kuma ta bayan gida ake so a shigo mana da kundin iyalin da Musulmin ƙasar nan suka ƙi. Tsoron yana da tarihi. Tun shekarun 1970 ake ƙoƙarin rubuta kundin. Daftarin farkon shekarun 1990 ƙungiyoyin addini suka tsaya a kansa har ya faɗi. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka. Wani daftarin ya sake faɗuwa a 2011. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata, da Nijar ta shiga a 1999, sai da ta keɓe wasu sassa, ciki har da na aure da iyali. Amma mai wannan suka ya duba da kyau: babu haƙƙi ɗaya a cikin waɗanda aka lissafa a sama da aka ɗauko daga waɗancan takardu. Aya ta biyu ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni da kafa adilai biyu shaida. Malikiyya ta ɗauki umarnin a matsayin abin so, ba sharaɗin ingancin saki ba, amma abin so ba abin ƙi ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma sauran sadaki da ciyarwar da ba a biya ba bashi ne. Alƙali ma ba Faransawa suka kawo shi ba. Damagaram na da alƙalanta kafin su kama Zinder a 1899. Wanda ya ƙi kundin iyali da hujjar cewa shari'ar Musulunci ta wadatar, shi ya fi kowa cancantar ya tsaya a kan a cika abin da shari'ar ta ce, in ba haka ba ya ba masu sukarta hujja da hannunsa.

Suka ta biyu ta fi wannan nauyi, domin daga bakin mata take fitowa. Mace ta kai uban ƴaƴanta gaban mai gari a kan tiyar hatsi? Gobe ƴaƴan su ji, dangi su ɓata, a ce da ita mai ƙarar miji, manema su gudu. Sau da yawa ma auren zumunci ne, mijin ɗan baffa ne ko ɗan kawu, ƙararsa ƙarar gida ce. Wannan kunya gaskiya ce, kuma ba a kawar da ita da wa'azi. Amma a lura da wanda take faɗa wa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ƴan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kuma jihar Damagaram ta ɗara wannan adadi. Bazawarar da muke magana a kanta sau da yawa yarinya ce mai goyo, wadda ba ta zauna a aji ba, kuma ita ake so ta buɗe baki gaban dattawa. Hujjar kunya, idan an bi ta, tana nuna nauyin bai kamata ya zauna a kanta ba tun farko. Waliyyin da ya karɓi sadaki ranar ɗaurin aure shi ya kamata ya zauna ranar rabuwa. Idan kuma rubutun ya zama abin da ake yi wa kowane saki, a ranar, kafin a ɗauki kaya, ya daina zama ƙara, ya zama tsari, babu wadda za a nuna da yatsa. Rigimar da ke raba zumunci ita ce wadda ake tayarwa bayan shekara biyu, kowa yana rantsuwa a kan abin da ya tuna.

Masu cewa talauci ne, ina miji zai samu, shari'a ta riga ta ba su amsa: ciyarwa gwargwadon hali ce, wanda ya rasa gaba ɗaya ta faɗi daga kansa muddin yana cikin rashin, wanda yake da shi ya hana kuwa ta zama bashi. A shekarar fari a rubuta kaɗan. Amma mutumin da ya saki mace da kaka ya kai kuɗin auren wata kafin bazara ba zai ce babu ba. Kuma yunwar da ya kauce wa ba ɓacewa take ba. Tana komawa kan wani talakan, uban matar, ko kan yaron.

Daga ɗaya gefen akwai masu cewa duk wannan ɗinkin tsumma ne, a hana sakin gida kawai. Tunisiya ta yi haka tun 1956, Senegal a 1972: babu saki sai a kotu. Maroko, wadda Malikiyya take bi kamar mu, ta ɗauki hanyar tsakiya a 2004: miji na da ikon saki, amma sai ya nemi izinin kotu, a gwada sulhu, sannan ya ajiye haƙƙoƙin matar da na yara a kotu cikin kwana 30, in bai ajiye ba a ɗauka ya janye. Masu wannan ra'ayi suna da gaskiya a wuri ɗaya da bai kamata a ɓoye ba. Fiƙihun da muka karanta bai ba matar da ta yi shekara ashirin tana noma da daka da kiwo wani kaso a dukiyar miji ba, kuma kyautar sallama, wato mut'a, wadda aya ta 241 ta Baƙara ta ambata, a Malikiyya abin so ce, alƙali ba ya tilasta ta. Shafi'iyya ta wajabta ta, Masar ta mayar da ita doka a 1985 da aƙalla ciyarwar shekara biyu, Maroko ma ta sa ta cikin abin da ake ajiyewa. Wannan ƙofa ce da malamanmu za su iya dubawa ba tare da sun fita daga mazhabobin Sunna ba, kuma a ganina lokacin dubawar ya yi. Amma dokar da ta ce sakin gida bai saku ba, a ƙasar da kowane liman zai ce ya saku, za ta haifar da matan da suke sakakku a masallaci, matan aure a jastis, kuma su ne za su sha wahalar wannan saɓani. Ga mutumin Gushi ko Malawa ko Sasumburum, abin da zai iya somawa a wannan shekara, ba tare da jiran Yamai ba, shi ne shaida da rubutu.

Saboda haka kira na farko ga limamai ne da masu gari: wanda ya zo ya ce ya saki iyalinsa, a tambaye shi rana da adadi, a tambaye shi ina take idda, wa ke ciyar da ita, a rubuta kafin ya tashi. Ku kuma ɗaliban wannan aji, maza da mata, kun riga kun iya abin da ake bukata. Kafin darasi na gaba kowa ya rubuta samfurin takardar saki cikakkiya da sunayen ƙirƙira, ya sa duk abubuwan da aka ambata a sama, ya kai wa limamin unguwarsu ya duba masa, sannan ya zo da ita aji tare da gyaran da malam ya yi.